Layin Hajiya Ba Ya Yankewa

Hajiya Maimuna ta jingina sandarta da bango, ta laluba bayan ƙaramin akwatin da ke kan kantar lungu, ta kama shuɗin kebul ɗin ta ja. Fitilar da ke ƙyaftawa kore ta koma ja. Ta bar kebul ɗin yana reto, ta ɗauki sandarta, ta ɗingisa zuwa kicin ta ɗora ruwan tuwo.

Ta san yanzu waya ta yi ƙara a aljihun ɗanta. Kafin la'asar zai zo.

Sharhabil ɗan farinta ne, don haka tunda ta haife shi bakinta bai taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take ce masa, duk da furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ba ta kiransa a waya, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, ba ta taɓa buɗe baki ta ce masa ga abin da ke damunta ba. Haka ta ga uwarta ta yi a Zariya, kuma haka aka san 'yar mutunci. Shi kuwa aikinsa kula da intanet ne a wata ma'aikatar gwamnati. Gidansa na Unguwar Sarki, nata na Unguwar Dosa, tafiyar da keke Napep zai yi kafin mutum ya cinye gasasshiyar masara. Bayan rasuwar mijinta, Malam Balarabe, da dangi suka tayar da maganar wa zai zauna da Hajiya, sai Sharhabil ya zo da tsani da ma'aikata, aka kafa kyamara a falo, a tsakar gida, da bakin ƙofa. Ya ce daga yau duk inda yake idonsa na kanta. Dangi suka yi ta sa masa albarka.

Kyamarar ce ta fara korar maƙwabta. Wata rana Maman Bilal, mai katanga ɗaya da Hajiya, ta shigo aron turmi, tana ɗaukarsa sai ta ji muryar namiji daga saman silin: "Baiwar Allah, ina za a kai shi?" Ta dire turmin ta fita da gudu, takalminta ɗaya a tsakar gida. Tun daga ranar sai dai gaisuwa ta kan katanga. Matan layin suka ce su ba sa shiga gidan da mijin wata ke kallon mutum daga ofis.

Gidan ya yi shiru. Abinci matar Sharhabil, Lubna, ke aikowa a kula, mai keke ya turo ƙaramar ƙofa ya ajiye ya tafi. Da safe silin ya ce, "Hajiya, ina kwana," ita kuma ta kau da kai ta ce, "Lafiya lau." Shi ke nan an gaisa.

Bisa tsautsayi ta gano dabarar. Tana yaye yanar gizo-gizo, tsintsiya ta zare kebul ɗin, ba a jima ba sai ga mota a ƙofar gida. Ya mayar da kebul, ya zauna a bakin ƙofar falo, har ya ci tuwo malmala biyu. Daga nan duk sanda kewar ta yi mata yawa sai ta bi lungun.

Amma yau ba kewa ba ce. Babban yatsan ƙafarta ta hagu ne ya bugi bakin tayil ya fashe, kuma ya ƙi warkewa. Ciwon suga ya daɗe da kashe mata jin ƙafar, ba zafi take ji ba, amma idonta na ganin yadda bakin ciwon ke ƙara faɗi yana yin duhu. Ta tuna yadda aka fara da yayarta. So take ya gani da idonsa, ya ɗauke ta ya kai ta asibiti, ba tare da ta roƙa ba.

Da ta ji tsayuwar mota sai ta zauna a kan darduma, ta cire safa, ta miƙe ƙafar ta yadda duk wanda ya shigo zai yi karo da ita.

"Salamu alaikum. Hajiya, barka da gida."

"Wa alaikumus salam. Ya mutanen gidan?"

"Suna gaishe ki."

Ya durƙusa a bakin ƙofa, kwali a hammata, jakar kwamfuta a kafaɗa, idonsa a kan wayarsa. Bai gama durƙuson ba ya miƙe ya nufi lungu. Ta ji ƙarar injin huda bango. Ta daɗe tana jira, ƙarshe ta ja jiki zuwa bakin lungun ta zauna, ta sake miƙe ƙafar.

Ya kafa wani akwatin ƙarfe can sama kusa da silin, mai ƙofa da kwaɗo. A ciki ya saka wani baƙin abu mai ramuka a jere, kowane rami da 'yar fitilarsa. Ya sauko ya zauna a ƙasa, kwamfuta a cinya, yana dannawa.

"Ɓeran gidan nan ɗan boko ne, Hajiya," ya ce yana dariya. "Duk wayoyin gidan nan, shuɗin kawai ya sani."

"Ɓeraye sun yi yawa bana," ta ce, tana kallon bango.

"To yau na yi maganinsa. Kin ga wannan? Suwic sunansa, irin wanda muke sawa a ofis. Layi biyu na ba shi. Na farko wannan na kebul, na biyu kuma na sim, yana can cikin akwatin. Shi aikinsa kullum ya riƙa aika sallama ta layin farko yana sauraron amsa. In ya yi sallama ya sake yi bai ji an amsa ba, sai ya san layin ya mutu, ya juya kan na biyu da kansa. Kafin ki ƙyafta ido ya koma. In na farkon ya dawo, ya sake komawa kansa. Ba sai an kira kowa ba."

"Ba sai an kira kowa ba," ta maimaita a hankali.

"Ko ni ba zai tayar ba. Sai in duka biyun sun mutu tare, wannan kuwa da wuya. Ga batir, ga sola." Ya zare shuɗin kebul ɗin da hannunsa, ya nuna mata fuskar wayarsa. Ga ta nan a ciki, 'yar tsohuwa zaune a bakin lungu, hoton bai ko girgiza ba. "Kin gani? Yanzu ko ɓeran da sandarsa ya zo, ba komai."

Sai a lokacin ta gane ya sani. Ya daɗe da sani. Kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa, ta jawo gefen zaninta ta lulluɓe yatsan.

"Ga tuwo can na sauke," ta ce.

"Wallahi Darakta na jirana. Wani jiƙon."

Yana saka takalmi ta tattaro duk ƙarfin da take da shi, ta ce wa ƙofar falo, ba shi ba, "Ƙafar nan dai..."

"Sanyi ne, Hajiya. Zan sa Lubna ta aiko da man zafi."

Washegari man zafin ya zo tare da kular abinci.

Ta sake jan kebul ɗin, don ba ta yarda ba. Fitilar ƙasa ta yi ja, can sama cikin akwatin ƙarfe wata ta kama kore. Ta ɗora tuwo. La'asar ta wuce, magariba ta wuce, tuwon ya kwana ya yi tsami. Da safe silin ya ce, "Hajiya, ina kwana. In an samu dama a mayar da kebul ɗin nan, layi na biyu ya fi shan data."

Ta mayar.

Na'ima ce autarta, tana aure a Kano, ita ce wadda Hajiya ke iya yi wa magana baki sake. Ta kira ta.

"Ke Na'ima, yatsan nan ya yi baƙi kamar gawayi. Har ya fara hawa."

"Subhanallahi! Kin gaya wa Yaya?"

"Ke kin taɓa jin na gaya masa wani abu?"

"Kai Hajiya, wannan kunyar taku ta mutanen da! Mutum da jikoki? Bari in kira shi."

Ba a daɗe ba ta sake kira, muryarta ta saki.

"Hajiya, kin tayar min da hankali a banza. Yaya ya ce yanzu ya duba ki, kina zaune kina jan carbi, garau da ke. Ya ce suna haɗa layin wani sabon ofis, ko barci ba ya samu, amma da ya samu sarari zai shigo. Ni kuma kin san Abban Yasmin ba ya gari, ga yara na jarabawa. Ki riƙa shafa man. Ai ke kin ji daɗi, Hajiya, wa aka sa wa irin kayan da aka sa miki? Ko gidan kwamishina sai haka."

"Haka ne," in ji Hajiya. "Allah ya yi muku albarka."

Baƙin ya cinye yatsan ya kama na kusa da shi. Ƙafar ta kumbura har takalmi ya daina shiga. Ta daina zuba mata ruwan alwala, ta koma sallah a zaune. Sai wari ya fara. Da farko ta ɗauka ɓera ne na gaske ya mutu a bayan kujera, har ta laluba da sanda, kafin ta gane daga jikinta yake fitowa. Ta riƙa kunna turaren wuta safe da yamma. Ƙudaje suka gano ta duk da haka, suna bin tsumman da ta ɗaure ƙafar da shi, tana kora suna dawowa.

"Hajiya!" Muryar Maman Bilal ta kan katanga. "Kwana biyu ban ji tsintsiyarki ba. Lafiya kuwa?"

Hajiya ta buɗe baki. Abin da za ta faɗa bai fi kalma uku ba. Amma ta hango yadda maganar za ta bi layin gida gida, daga wajen mai markaɗe zuwa Islamiyyar matan aure: ɗan Malam Balarabe, mai mota, mai aikin gwamnati, ya bar uwarsa tana ruɓewa. Wa zai sake ganin girmansa a masallaci?

"Lafiya lau, Maman Bilal. Yaron nan ne ya hana ni aiki, ya ce in huta."

"Allah sarki. Allah ya ba mu masu jin ƙanmu."

"Amin."

Gaisuwar safe ta silin ta fara tsallake rana, ta koma sai Juma'a, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya. Hajiya ta yi duk abin da tsohuwa mai ƙafa ɗaya da rabi za ta iya. Ta kashe makunnin wutar gidan, akwatin ya ci gaba da ƙyaftawa. Ta ɗaga sanda ta daki ƙofar ƙarfen, sandar ce ta tsage. Ranar da aka yi ruwa da iska, falwaya ta faɗi a bakin titi, unguwar ta kwana biyu babu wuta, kowa na neman inda zai yi cajin waya, amma akwatin Sharhabil ko gezau. Aikin ya yi kyau. Yaron nan tun yana ƙarami in ya ɗaure abu ba ya kwancewa.

Sai ta yi tunanin rufe masa ido. Ta rataya ɗankwali a bakin sandar, ta yi ta fama har ta samu ya lulluɓe kyamarar falo. Ta ce a ranta, in ya duba ya ga duhu dole ya tambaya. Ta zauna tana sauraron silin.

Ɗankwalin ya kwana, ya wuni, ya sake kwana. Babu wanda ya tambaya.

Nan jikinta ya yi sanyi fiye da duk abin da ya gabata. Ashe ba ya dubawa. Tunda wayarsa ba ta yi ƙara ba, Hajiya na lafiya. Da can layin na yankewa ya tuna da ita. Yanzu ya gyara shi gyaran da ba zai sake tuna masa da kowa ba.

Zazzaɓi ya shigo. Tana kwance sai ta ga kamar Malam Balarabe na tsaye a ƙofa da jaridarsa, ta yunƙura za ta kawo masa ruwa, ƙafar ta tuna mata. Baƙin ya haye idon sawu. Zuwa ƙofa ɗauko kula ya zama tafiyar da sai ta huta a hanya, da rarrafe, tana jan ƙafar a baya kamar kayan wani.

Bayan azahar ɗin wata Talata ta sa sanda ta janye ɗankwalin. Ta ja jiki zuwa tsakiyar falo, daidai inda idon kyamarar ke kallo. Ta kwance tsumman, ƙudaje suka tashi. Ta sa hannu biyu ta ɗaga ƙafar sama, kamar mai nuna kaya a kasuwa.

Saura kiran sunansa. Ita ta ji shi da kunnenta ranar suna, daga bakin liman, tana cikin ɗaki an lulluɓe ta, ƙawaye na tsokanarta. Tun ranar take ɗauke da shi a ciki ba ta taɓa fitar da shi ba. Ko ɗan maƙwabta mai irin sunan "mai sunan yaron nan" take ce masa. Ta dubi ƙofa, ta dubi katanga, kamar mai shirin sata.

"Sharhabil."

Muryar da ta fito ba ta yi kama da tata ba.

"Sharhabil, ka zo. Ƙafata ta lalace. Don Allah ka zo ka kai ni asibiti."

Ta jira. Hannuwanta suka gaji, ta sauke ƙafar. Fitilar kyamarar na nan kore.

Bayan la'asar ta sake. Washegari ta sake. Abin da ya fi ƙarfin bakinta shekara da shekaru ya zama abin da take yi bayan kowace sallah, ta idar, ta shafa addu'a, ta ɗaga ƙafa, ta kira. Wani lokacin da lallashi, "Sharhabilu na, ɗan albarka." Wani lokacin sunan kawai. Har ranar da ta kasa ɗaga ƙafar, ta kasa kuma komawa kan darduma.

Maman Bilal ce ta lura mai keke ya turo ƙofa ya ajiye kula a kan kular jiya, ita ma a kan ta shekaranjiya. Ta ja hijabinta ta rufe fuska saboda kyamara, ta shiga da sallama. Warin ya tare ta tun daga tsakar gida.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Hajiya! Hajiya, haka kike a gidan nan?"

Hajiya ta buɗe ido da kyar. "Kada ki tara min jama'a. Yaron nan yana gani. Yana hanya."

"Ki bar ni da yana gani!" Maman Bilal ta yaye hijabin daga fuskarta, ta ɗaga kai ta kalli kyamarar. "Kai mai tambayar turmi! Yau ba ka da baki?" Ta fita tana ƙwala wa mijinta kira ya fito da mota.

A asibiti likitoci ba su yi dogon bayani ba. Sun ce da an zo tun yana yatsa, da yatsan kawai za a cire. A ƙasan gwiwa suka yanke.

Da ta farfaɗo sosai, ɗakin matan cike yake da 'yan dubiya. Na'ima na zaune a bakin gado idonta jawur. Lubna na tsaye da kula. Sharhabil na gefen taga, ya rame a fuska, yana yi wa ƙanwarsa magana ƙasa ƙasa, amma Hajiya na ji.

"Ni abin da ban gane ba, me ya sa ba ta faɗa ba? Ga waya, ga kyamara, magana kawai za ta yi."

"Kullum sai na aika abinci," in ji Lubna. "Ko rana ɗaya ban fasa ba, Allah shi ne shaida."

"Duba nan." Ya miƙa wa Na'ima wayar. "Wannan koren zanen, layin gidan ne. Tun ranar da na haɗa shi bai yanke ba. Ko sau ɗaya. Da wani abu ya faru ai da na sani."

Na'ima ta karɓi wayar. Ba zanen ta tsaya kallo ba, ta shiga inda bidiyon da kyamarar ta ɗauka a baya yake, ta ja da yatsa, ta danna.

"Sharhabil, ka zo. Ƙafata ta lalace."

Muryar ta cika ɗakin. Matar gadon kusa ta ajiye cokalinta. Na'ima ta ja gaba, ta sake dannawa. "Sharhabilu na, ɗan albarka." Ta sake. "Sharhabil." Ta sake.

Hajiya ta jawo mayafi ta rufe fuskarta. Ƙafar da aka yanke ba ta sa ta kuka ba, amma wannan ya sa ta. Ga surukarta, ga autarta, ga baƙin mata, duk sun ji ta tana kiran sunan ɗan fari tana roƙonsa.

Sharhabil ya zame ya durƙusa a gaban gadon. Hawaye na bin gemunsa, na gaske, ba na ganin ido ba. Na'ima ta kashe wayar. Kowa na jiran abin da zai fito daga bakinsa.

"Laifin saitin ne," ya ce. "Na saita shi ya sanar da ni in layi ya mutu, ban saita shi ya saurari murya ba. Akwai yadda ake yi. Wallahi Hajiya, kafin a sallame ki zan gyara. Ko tari kika yi sai wayata ta yi ƙara. Har nan ɗakin ma zan iya kawo ƙarama in kafa, in sun yarda."

Ba mugu ba ne, kuma duk unguwar za ta shaida. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, bai bar ta da yunwa ba. Irinsa suna da yawa a garin nan, masu saya wa iyaye duk abin da zai tsaya a madadinsu, su kwanta da zuciya wasai. Ya yi wa layin gidan uwarsa tanadin mai karɓarsa in ya faɗi. Ita da ta faɗi a tsakar falo, maƙwabciyar da ya kora ce ta ɗaga ta.

Hajiya ta sauke mayafin a hankali. Ba ta kalli bango ba, ba ta kalli ƙofa ba. Ta dube shi cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Sharhabil."

Ya ɗago a firgice.

"Ka je ka kwance kayanka daga gidana. Duka, har akwatin saman."

"Hajiya, to ta yaya zan riƙa ganinki?"

Ta gyara bargon a kan inda ƙafar take a da.

"Kai ne mai ƙafa biyu," ta ce.